Tafinta a Cikin Akwati: Katin Siriyal da Injinan Aikin Wuya na Fagge

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari a goman tsakiya na watan azumi, ya ga yadda 'yan dako ke kai da komowa da dilolin shadda da atamfa da leshi, ya kuma ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram da Larabcin Chadi suna cuɗanya a layi guda, zai iya zaton cinikin yadi a bakin kanti yake ƙarewa. Alhali kuwa shaddar da aka yanka a nan ba ta zama tufa sai ta tsallaka zuwa shagunan teloli na Fagge da kewaye, inda za a ɗinka ta, a yi mata aikin wuya da na aljihu. Wannan aiki, wanda a da gwanin surfani yakan shafe makonni yana yi da allura a zaure, yau galibinsa ya koma hannun injinan da jama'a ke kira monogiram, waɗanda ke karɓar zane daga kwamfuta su zuba shi a jikin yadi kafin mai riga ya gama ciniki a layin hula.

To, akwai wata mas'ala da ke addabar masu tsofaffin injinan nan, wadda ƙanƙanuwa ce a ido amma tana iya tsayar da shago a tsakiyar kakar ɗinki. Kwamfutar da aka sayo tare da injin ta tsufa ta mutu, maigida ya je titin Beirut ya sayo wata wadda ta fi ta sauri da kyan gani, sai da aka zo haɗawa aka tarar babu inda za a soka wayar injin, domin kan wayar yana neman wata kafa mai tsinke 9 wadda masu ƙera kwamfuta suka daina sanyawa a yawancin sababbi. Injin lafiyarsa lau, kwamfuta lafiyarta lau, amma ba sa jin juna. Haka abin yake ga wasu injinan yankan sitika na masu buga alluna a Sabon Gari, da wasu ma'aunai, da wasu na'urorin buga rasit. Maganinsa kuwa wani ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, wanda ake kira katin siriyal.

Mutanen wannan kasuwa ba baƙin irin wannan lalura ba ne. Fagge tun asali zango ne na fatake a wajen ganuwa, kuma bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai 'yan kasuwa daga Lebanon da Siriya, waɗanda Hausawa suka kira Kwarori, suka kafa kantuna a wannan gefe, har kasuwar ta gaji sunansu. Ciniki tsakanin mai kaya da mai saye waɗanda harshe ya raba bai taɓa yiwuwa ba sai da dillali ko tafinta a tsakani, kuma aikin tafinta ne wannan kati yake yi a cikin akwatin kwamfuta.

Bayanin haka shi ne, dukan abin da kwamfuta ta sani, ko zanen aska takwas ne ko lissafin bashi, tana riƙe da shi ne a matsayin ɗige-ɗigen lantarki, kowane ɗigo imma akwai imma babu, kuma tana sarrafa su rukuni-rukuni, takwas-takwas ko fiye, a lokaci guda. Wayar siriyal kuwa silin tafiya ɗaya gare ta, na dawowa ɗaya; saboda haka dole a jera ɗige-ɗigen ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ayarin da ya zo a baje a fili yake komawa sahu guda idan zai shiga Ƙofar Mata. A kan katin akwai wata 'yar ƙwayar lantarki mai suna UART wadda ita ce ke wannan jeri: takan sa ɗigo ɗaya a gaba ya zama jagaba mai sanar da isowar ayari, ɗige-ɗige takwas na saƙo su biyo, sa'an nan ɗigo ɗaya ya rufe baya. A can wajen injin wata 'yar'uwarta ta karɓe su ta sake tara su yadda suke.

Ƙa'idar wannan magana ta girmi kusan duk wanda ke aiki da ita yau. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ce ta fitar da ita a 1960 da sunan RS-232, domin haɗa injinan buga saƙo da layin tarho, aka yi mata gyaran da ya fi shahara a 1969. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, kafar siriyal a kan kati take zuwa, mai tsinke 25, sai a 1984 aka rage ta zuwa mai tsinke 9 ɗin da muka sani. Ma'aunin saurinta ana kiransa bod, don tunawa da Emile Baudot, wani masanin tangaraho na ƙasar Faransa. Bayan fitowar USB a 1996 ne kafar ta fara ja da baya, har ta ɓace daga bayan yawancin kwamfutoci. Amma injinan sana'a, waɗanda ake saye domin shekara ashirin ba domin shekara uku ba, suka ci gaba da magana da harshensu na da.

Masu raina kafar siriyal sukan kafa hujja da rashin sauri, kuma ya kamata a auna hujjar da lissafi. A tsarin ajiye zane na DST, wanda ya fito daga kamfanin Tajima na Japan kuma yawancin injina ke karantawa, kowace sukar allura rukuni uku take ci. Zanen wuya mai suka 20,000 ke nan rukuni 60,000 ne da 'yan kai. A saurin bod 9600, inda kowane rukuni ke tafiya da ɗigo goma idan an haɗa da jagaba da na baya, rukuni 960 ke wucewa a daƙiƙa, watau zanen zai isa injin a cikin minti ɗaya da ɗan ɗoriya. Injin da ke suka 800 a minti kuwa sai ya yi minti 25 yana ɗinka shi. Ashe wayar ba ta tauye kowa ba.

Wanda zai sayi kati, wajibi ne ya fara buɗe akwatin ya duba abu uku. Na farko, sau da yawa babban allon kwamfutar yana da 'yan tsinkaye a jere waɗanda aka rubuta COM a gefensu, alamar cewa kafar tana nan, ba a dai fito da ita waje ba. Idan haka ne, 'yar waya mai faranti kawai ake bukata. Na biyu, a san irin gurbin da ke allon, domin akwai tsohon gurbi na PCI wanda kamfanin Intel ya ɓullo da shi a 1992, dogo ne kuma galibi fari, akwai kuma PCI Express na 2003 wanda yake zuwa gajere da dogo. Katin ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, amma gajeren katin PCI Express yana zama lafiya a dogon gurbin jinsinsa. Na uku, a duba tsawon farantin ƙarfen da ke bayan katin, domin siraran kwamfutocin ofis na hannu, waɗanda suka cika kasuwa, gajeren faranti suke ɗauka. Kada kuma a ruɗe da shuɗiyar kafar allon kallo, wadda take da rami 15 a sahu uku. Ta siriyal tsinke 9 ce a sahu biyu.

Sanya katin ba ya bukatar ƙarfi, natsuwa yake bukata da tartibi. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango ɗungurungum, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wutar da ke ciki ta tsiyaye. Kafin a taɓa katin, mai aiki ya dafa ƙarfen akwatin da hannunsa, kuma wannan sharaɗi ya fi ƙarfi a ƙasarmu lokacin hunturu, domin bushewar iska tana sa jikin mutum ya tara lantarki, musamman wanda ya wuni yana jan yadin roba. Wannan ɗan tartsatsin da mutum kan ji idan ya taɓa ƙofar mota da sanyi ya isa ya kashe ƙwayar katin ba tare da an ga alama ba. A hure ƙura da burbushin zare daga gurbin, a kwance farantin da ya toshe tagar baya, a riƙe katin ta gefe kada yatsa ya taɓa ruwan gwal ɗin da ke ƙasansa, a saita shi a danna daidai wa daida har ya zauna, sa'an nan a ɗaure shi da sukuru. Ɗaurin nan ba ado ba ne, domin girgizar injin a shago tana iya ɗaga katin da ba a ɗaure ba.

Bayan an kunna, saura a gabatar da baƙo ga maigida, watau a sa masa direba, wadda ita ce 'yar manhajar da ke sanar da Windows yadda zai yi mu'amala da katin. Wani kati Windows kan gane shi da kansa; wani sai an sa daga faifan da ya zo da shi, ko an ɗauko daga shafin kamfanin da ya ƙera ƙwayar, wanda sunansa ke rubuce a jikinta. Daga nan a buɗe shafin Device Manager, a duba sashen kafofi: idan katin ya bayyana da suna irin COM3 ko COM5 ba tare da alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa ba, an yi nasara. Sai dai tsofaffin manhajojin injina da dama ba sa ganin abin da ya wuce COM4, don haka idan aka ba katin babbar lamba, a shiga saitinsa a maido shi ƙaramar lambar da babu mai amfani da ita.

Sa'an nan a zo ga zuciyar al'amarin, wadda ita ce ittifaƙi tsakanin ɓangarori biyu. Kafar siriyal ba ta tambayar abokiyar maganarta yadda take so a yi. An ɗauka tun farko an yi yarjejeniya a kan sharuɗɗa biyar, watau sauri, da adadin ɗige-ɗigen saƙo, da ɗigon tantance kuskure, da ɗigon rufewa, da hanyar da injin zai ce a dakata idan cikinsa ya cika. Wanda aka fi yawan gani shi ne 9600 da takwas, babu ɗigon tantancewa, ɗigon rufewa ɗaya. Amma akwai injinan da ke son 19200 ko 38400, kuma hukunci a nan na littafin injin ne da abin da allonsa ya nuna. Idan sharaɗi ɗaya ya saɓa, imma saƙo ya ƙi tafiya, imma ya isa a dagule, kamar awon da aka yi da ƙafa aka karanta da mita.

Idan duk an daidaita amma shiru, kada a yi gaggawar tuhumar katin, domin akwai jarrabawa mai sauƙi da ke raba gardama. A wannan kafa tsinke na 3 ne ke aikawa, na 2 ke karɓa, na 5 shi ne na ƙasa. A cire wayar injin, a haɗa na 2 da na 3 da ɗan silin waya, a buɗe wata manhajar gwaji irin PuTTY a buga haruffa. Idan suka dawo a allo, kati da direba sun kuɓuta, laifin yana ga waya ko saitin injin. Wayoyin kuwa iri biyu ne masu kama ɗaya a ido: miƙaƙƙiya, wadda kowane tsinke ke tafiya ga takwaransa, da gicciyayyiya, wadda aka musanya 2 da 3 a cikinta. Kada kuma tsawonta ya zarce mita 15.

Mai tambaya zai ce, ai akwai 'yar waya mai araha wadda ke mai da USB ya zama siriyal. Gaskiya ne, kuma ga mai kwamfutar tafi-da-gidanka ita ce mafita. Sai dai lambarta takan sauya idan aka canza mata rami, jabunta sun yi yawa a kasuwa, wasunta kuma lantarkin da suke fitarwa bai kai wanda tsofaffin injina suka saba da shi ba. Ga shagon da injin ke aiki daga asuba zuwa sahur, katin da aka ɗaure a ciki ya fi amana. Ko wanne aka zaɓa, a kiyaye abu biyu: kada a soka ko a zare wayar alhali injin da kwamfuta suna kunne, kuma a ciyar da su daga layin wuta guda mai wayar ƙasa ta ƙwarai, domin idan ɗaya yana kan janareta ɗaya yana kan wani layi dabam, bambancin da ke tsakaninsu ta cikin siririyar wayar nan zai bi, kuma katin ne zai fara ƙonewa.

Abin da ya sa na tsawaita a kan wannan ɗan kati shi ne, injin monogiram jari ne na shekaru, wani da gadonsa ya saya, wani da adashe, kuma yara masu koyo da iyalai da yawa suna ci daga gare shi. Jingine irin wannan dukiya a lungu, ko sayar da ita a farashin ƙarfe, saboda rashin kafa mai tsinke 9, almubazzaranci ne wanda shari'a ta hana kuma hankali bai yarda da shi ba, sai dai shi wannan jahilci ne ke jawo shi, ba ganganci ba. Don haka ina kira ga ƙungiyoyin teloli da iyayen gidan shaguna da su sa yaro ɗaya a kowane shago ya koyi wannan fanni kamar yadda yake koyon ɗaura zare, ya rubuta saitin injin a takarda ya manna a jikinsa, ya adana direba a filashi, ya ajiye waya ta biyu a aljihun tebur. Ranar da kwamfuta ta mutu ana saura kwana biyar Salla, rigunan mutane tsibi a kan benci, wannan takarda da wannan yaro su ne za su sa maigida ya cika alkawarin da ya ɗauka.