Idan Shafin Intanet Ya Gaza, Ya Faɗi Gaskiya

Daga Kawo zuwa Tudun Wada, harkokin mutanen Kaduna da dama sun koma intanet. Ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna a shafi yake rajista, ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ta waya yake tura kuɗi, mai neman takardar fili kuma da na'urorin hukumar filaye ta KADGIS yake hulɗa. Babu shafin da ba ya samun tangarɗa, domin kowace buƙata sai ta je wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, ita kuma ta nemi rumbun bayanai ko banki, kuma ko'ina igiyar na iya tsinkewa. Saboda haka amanar shafi ba a ganinta sai ranar da ya gaza.

Ƙa'idar intanet ta tanadi lambobi don irin wannan rana: 404 na nufin ba a samu shafin da aka nema ba, 500 na nufin matsalar daga sabar take, 503 kuma sabar ce ba ta iya aiki a lokacin, galibi don cunkoso ko gyara. Waɗannan lambobi na'urori suke wa magana. Mutumin da ya biya kuɗin makaranta ya ga farin allo da 500 bai ƙaru da komai ba. An cire kuɗinsa ko ba a cire ba? Ya sake dannawa ko ya jira? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan duhun ne ake biyan kuɗi sau biyu, kamar yadda jama'a suka ɗanɗana lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Wajibi ne mai gina shafi ya tare kuskure tun a sabar, ya soke cinikin da bai kammala ba, sannan ya nuna saƙo cikin Hausa da Turanci mai sauƙi: abin da ya faru, matsayin kuɗi ko takardun mutum, abin da zai yi yanzu, da lambar shaida da zai kai ƙorafi da ita.

Wasu maginan manhaja za su ce gara a bar cikakken bayanin kuskuren ya fito a allo don gyara ya yi sauri. Wannan yana da amfani lokacin gwaji, amma a bainar jama'a tona asirin gida ne: rubutun kan nuna sunayen fayiloli da tsarin rumbun bayanai, abin da masu kutse ke nema ke nan. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Wurin cikakken bayanin kuskuren kundin sirri ne na ma'aikata, inda lambar shaidar za ta kai su kai tsaye.

Wasu kuma za su ce kyakkyawan shafin ban haƙuri rufa-rufa ne kawai. Suna da gaskiya idan babu mai duba kundin. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda ya wuce shiru. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amince cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, kuma ba a farga ba sai da sakamako ya fito, jama'a suka koka. Don haka tare kuskure ba haɗiye shi ba ne: a rubuta shi, a sanar da ma'aikata nan take.

Hukumomi da makarantun Kaduna su sa wannan sharaɗi a kwangilar gina shafi, su katse sabar da gangan su ga abin da zai fito kafin su biya. Mu kuma mu daina karɓar "matsalar sabis ce" a matsayin amsa, mu nemi lambar shaida.