Dalar Sarkin Maskat da Liyarin Kakanninmu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ga labarin wata tsabar azurfa guda ɗaya tak, wadda ba ta cika tafin hannun yaro ba, amma da aka yi gwanjonta a ƙasar Amurka cikin watan Agusta na 2021 sai da aka saye ta dala miliyan 7 da dubu 680. A canjin hukuma na wancan lokaci, kuɗin ya haura Naira biliyan 3. Azurfar da ke jikinta kuwa giram 24 ce, wadda in da maƙeri zai narkar da ita ya auna, kuɗinta a wancan lokaci kimanin dala 20 ne kawai. To, ina sauran miliyoyin suka fito? Amsar ta shafe mu nan Zariya, domin akwai gidajen cikin birni da har yanzu ke da tsoffin kuɗin azurfa a gindin adaka, masu su ba su san abin da suke riƙe da shi ba.

Asalin dalar

A jikin wannan dala an rubuta shekarar 1804, watau shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Amma fa ba a shekarar aka buga ta ba. Sai a 1834, shekarar da Abdulkarimu ya hau gadon sarautar Zazzau, wanda a zamaninsa ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na cikin birni, sa'an nan gwamnatin Amurka ta ba da umurni a haɗa samfurin kowane irin kuɗin ƙasar a cikin 'yan akwatuna, don a kai wa waɗansu sarakunan Gabas gaisuwa saboda neman hulɗar ciniki. Ma'aikatan gidan buga kuɗi na birnin Filadelfiya suka duba littafinsu, suka ga rabon da a buga dalar azurfa tun 1804. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, waɗanda aka buga a waccan shekara duk da tsoffin hatimai aka buga su, masu ɗauke da shekarun baya. Sai suka sassaƙa sabon hatimi mai 1804, suka buga 'yan ƙalilan. Da haka aka sami dalar da ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba a kuma taɓa sayen ko allura da ita ba.

Wani jakada mai suna Edmund Roberts shi ya ɗauki akwatunan a jirgin ruwa. A 1835 ya miƙa ɗaya ga Sarkin Maskat, Sa'idu bin Sultan, mai mulkin Oman da Zanzibar, a 1836 kuma aka miƙa ɗaya ga Sarkin Siyam, ƙasar da yanzu ake kira Tailan. Daga wannan bugu na farko guda takwas kaɗai aka sani a duniya. Daga baya waɗansu ma'aikatan gidan suka buga ƙari a ɓoye don su sayar, amma duk da haka in an haɗa su gaba ɗaya ba su kai ashirin ba. Ta Sarkin Maskat ita ce wadda muke magana a kai.

Bugun madubi

Wani abin da ya ƙara mata daraja shi ne irin bugun da aka yi mata, wanda Turawa ke kira furuf, mu kuwa sai mu ce bugun madubi. Kuɗin da muke kashewa inji ke buga su dubbai a sa'a guda, suna faɗawa kan juna suna kartar juna. Shi kuwa bugun madubi, sai an goge hatimin ƙarfen ya yi sumul, an goge falankin azurfar shi ma, sa'an nan a danna da ƙarfi, sau da yawa fiye da sau ɗaya, har kowane silin gashi na hoton ya fito raɗau, filin kuma ya riƙa ɗaukar ido kamar madubi. Da an gama sai a ajiye shi shi kaɗai. Masana suna ba tsabar kuɗi maki daga 1 zuwa 70 gwargwadon lafiyar jikinta, kamar yadda malamai ke ba mu maki a jarrabawa. Dalar Sarkin Maskat ta ci 68, babu wata 'yar'uwarta da ta kamo ta.

Yadda masu tara kuɗi suka ɗauki abin

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara tsoffin kuɗi, suna da ƙungiyoyi da mujallu da tarurruka. Duk lokacin da irin wannan dala ta fito kasuwa, ra'ayinsu yakan rabu. Akwai masu ganin ta cancanci ko nawa ne, don kuwa mai kuɗi yana iya gina gida irin na wani, amma ba ya iya sa a sake buga masa dalar da ta fito daga taskar Sarkin Maskat. Akwai masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su ne mafi yawa, da ke ganin irin wannan tsada ta mai da sha'awar ilmi ta koma gasar attajirai; su sai dai su je su kalla ta bayan gilashi su koma gida. Akwai kuma masana masu tsanani da ke cewa ai wannan ba kuɗi ba ne na sosai, tun da shekarar jikinta ba gaskiya ba ce, ba a kuma buga ta don kashewa ba, abin ado ce kawai da aka yi wa kamannin kuɗi.

Amma Hausawa sun ce kasuwa alƙali, kuma hukuncinta ya fi na baki. A 1945 wani gida ya saye ta dala 5,000. A 1999 zuriyarsu suka kai ta gwanjo, aka saye ta dala miliyan 4 da dubu 140, wanda a lokacin ba a taɓa sayen tsabar kuɗi guda da tsada haka ba. Masu sayen su ne iyalin D. Brent Pogue na jihar Tekzas. A watan Mayu na 2016 suka fito da ita a birnin Niyok, aka yi ta tayi har ya wuce dala miliyan 9, amma bai kai abin da suka yanka ba, suka ce albarka, aka mayar da ita gida. Bayan rasuwar Pogue a 2019 aka sake fito da ita a 2021, aka sallama a kan miliyan 7 da dubu 680. Dalar ba ta sake ba ko kaɗan a cikin shekarun nan biyar, masu tayi ne suka sake. Wannan ya nuna mana cewa irin wannan kaya ba shi da tsayayyen farashi. Abin da mutum biyu masu so suka yarda su yi jayayya a kai ran gwanjo, shi ne kuɗinsa.

Liyarinmu na gida

Yanzu mu dawo cikin ganuwa. Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin saye da sayarwa a kasuwar Zariya, amma akwai wata babbar tsabar azurfa da fatake ke kawowa ta Hamada, wadda ake kira liyari. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki da mayafi, a ɗaya fuskar kuma gaggafa mai kai biyu. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin guda a kan wuri 2,500. Da yake ɗaukar buhunan wuri aiki ne na jakuna, attajirai sukan adana dukiya da liyari, mata su yi ado da shi, maƙeran farfaru kuma su narkar da shi su ƙera mundaye da zobba da kayan doki. Wani abin sha'awa shi ne, a can Maskat ma liyari ne kuɗin da mutane ke ciniki da shi a zamanin da aka kai wa Sarkinsu waccan dala.

Duk wanda ya duba liyarin gidansu, galibi zai ga 1780 a jiki. Kada ya yi saurin murna. Sarauniyar ta rasu ne a 1780, amma da yake 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kamanninsa ba su yarda da wani ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, a Biyana da Roma da Landan da Faris da Bombai, har adadin ya wuce miliyan 300. Ga shi nan, tsabobi biyu, kowacce da shekarar da ba tata ba. Liyari ya ma fi dalar nauyi, don ya kai giram 28. Amma ɗaya ba ta kai ashirin ba a duniya, ɗaya kuwa ya yi yawa kamar yashi, saboda haka kuɗin liyari bai cika wuce na azurfarsa da yawa ba.

Haka abin yake ga kuɗin zamanin Turawa. Sule da sisi da taro da fataka da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, amma daga 1920 aka koma jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kwabo da ɗari da anini masu huda na 1936, masu sunan Sarki Edward na Takwas wanda ya yi murabus bai cika shekara ba, an buga su da yawan gaske, ba su da wuyar samu. Naira da kwabo kuwa sai ran 1 ga Janairu, 1973 suka shigo.

Abin lura

Ke nan abu uku ke sa tsabar kuɗi tsada: ƙaranci, da lafiyar jiki, da sanannen asali, watau a san hannun da ta bi daga wannan zuwa wancan. Tsufa kaɗai ba ya yi, azurfa kaɗai ba ta yi. Saboda haka ina roƙon iyayenmu da 'yan'uwa abu uku. Na farko, in wani ya zo da labarin cewa wani Bature na neman anini mai huda zai biya miliyoyi, amma sai an ba da kuɗin mota ko na takarda tukuna, a sallame shi, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Haka kuma wanda ya kawo dala mai 1804 yana neman mai saye, jabunta sun cika duniya. Na biyu, kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami ko yashi don ya yi haske. A wurin masana, baƙin da shekaru suka sa masa shaida ne, gogewa kuwa karce shi take yi ta zubar masa da daraja, ba kuma a iya gyarawa. A naɗe kowanne dabam a tsumma mai taushi, a riƙa kama shi ta gefe. Na uku, kafin a kai wa maƙeri ya narkar, a tuna abin da ya shiga wuta ba ya dawowa.

Mu ɗalibai kuwa akwai aikin da ya fi dacewa da mu. Dalar Sarkin Maskat ta yi daraja ne don an rubuta tarihinta, an san wanda ya ba da ita da wanda ya karɓa. Liyarin da ke gidajen Kwarbai ko Ƙaura ko Limancin Kona shi ma yana da nasa tarihin, sai dai a kan tsofaffi yake, ba a takarda ba. Mu zauna da kakanninmu tun suna raye mu tambaye su: wa ya kawo shi, ta wace hanya, sadakin wa aka biya da shi, a wane zamanin Sarki? Mu rubuta mu ajiye tare da shi. Wanda ya sami zarafi kuma ya leƙa Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Kaduna ya ga yadda ake adana kayan da, don gani ya kori ji. Liyarinmu ba zai sayu miliyoyi ba, amma shi ne shaidar cewa tun kafin mota da jirgin ƙasa, kasuwar birnin nan tana haɗe da Tarabulus da Masar har zuwa tsakiyar Turai.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ja zamanin iyayenmu, amin.