Albam Ɗaya, Maki Daban-daban: Yadda Masu Sharhi Suka Rabu a Kan U2



Kafin in shiga magana, ku dubi allon nan da aka manna wannan takarda a jikinsa. A shekarar 1976, a wata makarantar sakandare mai suna Mount Temple da ke birnin Dablin na ƙasar Ailan, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Larry Mullen ya manna 'yar takarda a allon sanarwar makarantarsu. Ya ce yana neman waɗanda za su haɗu da shi su kafa ƙungiyar kiɗa. Wasu yara suka amsa, suka haɗu a kicin ɗin gidansu Larry suka fara gwaji. Huɗu daga cikinsu ne suka zama ƙungiyar da duniya ta sani da suna U2. Larry ne mai ganga. Paul Hewson, wanda ake kira Bono, shi ne mai rera waƙa. David Evans, wanda ake kira The Edge, yana kaɗa jita, shi kuma Adam Clayton yana kaɗa jita mai kaurin murya.

Irin kiɗan da suke yi sunansa rok. Kiɗa ne na jitar lantarki da ganguna, yana da ƙara sosai, kuma ya fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya. Yayana ne ya fara ba ni labarinsu lokacin hutu, ya kunna mini waƙoƙinsu a wayarsa, daga nan na roƙe shi muka yi ta karanta abin da aka rubuta a kansu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na kawo muku: albam ɗaya, wata mujalla ta ba shi cikakken maki, wata kuma ko rabi ba ta ba shi ba.

Albam kundi ne na waƙoƙi da mawaƙi yake fitarwa a lokaci guda. A waɗancan ƙasashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, su saurari sabon albam, su rubuta ra'ayinsu a jarida ko mujalla, sannan su ba shi maki. Su ne masu sharhi. Wasu da taurari suke ba da makin, daga ɗaya zuwa biyar, wasu kuma da lamba bisa goma. Mutane da yawa sukan duba makin kafin su fitar da kuɗinsu.

U2 ba ƙananan mawaƙa ba ne. Albam ɗinsu na farko, Boy, ya fito a 1980. Na shekarar 1987, The Joshua Tree, an sayar da fiye da kwafi miliyan 25. Sun ci lambar yabo ta Grammy har 22. To amma bayan albam ɗinsu na 2009 sai suka yi shekara biyar ba su fitar da sabo ba.

Ranar 9 ga Satumba, 2014, kamfanin Apple ya yi taro a garin Cupertino na jihar Kalifoniya don nuna sabuwar wayarsa iPhone 6. A ƙarshen taron sai ga U2 a kan dandali. Suka yi waƙa ɗaya, sannan Bono da shugaban kamfanin, Tim Cook, suka sanar cewa sabon albam ɗin ƙungiyar ya fito a ranar. Sunansa Songs of Innocence, shi ne na 13, kuma waƙoƙi 11 ne a ciki. Suka ƙara da cewa kyauta ne ga duk mai asusu a iTunes, wato shagon waƙoƙin Apple na intanet. Masu asusun a lokacin sun kai mutum miliyan 500.

Nan ne rigimar ta tashi. Ba a ce wa mutane ga kyauta nan, mai so ya zo ya ɗauka ba. Saka albam ɗin aka yi kai tsaye cikin jerin waƙoƙin kowa. Waɗanda suka saita wayarsu ta riƙa sauke kaya da kanta, sai kawai suka wayi gari suka ga waƙoƙi 11 sun cinye musu wuri. Wasu matasan ma ba su taɓa jin sunan U2 ba, suna ta tambaya su wane ne waɗannan. Ku ɗauka ka buɗe jakarka ta makaranta ka tarar wani ya cusa maka littafi ba da saninka ba, ka yi ka yi ka cire ya ƙi fita. Ko littafin mai kyau ne, tambayarka ta farko ita ce wa ya taɓa mini jaka. Mutane suka yi ca a kan kamfanin, har bayan kwana shida Apple ya buɗe shafi na musamman don mai son goge albam ɗin ya goge.

A cikin wannan hayaniyar masu sharhi suka zauna rubutu. Mujallar Rolling Stone ta Amurka ta ba albam ɗin taurari biyar cif, kuma a ƙarshen shekara ta ce shi ne albam mafi kyau na 2014. Mujallar intanet mai suna Pitchfork, ita ma ta Amurka, ta ba shi 4.6 bisa 10. Mujallar NME ta Birtaniya ta ba shi 4 bisa 10. Akwai wani shafi, Metacritic, da yake tattara makin masu sharhi da yawa ya fitar da matsakaici, a can albam ɗin ya tashi da 64 bisa 100. Da a makarantarmu ne, malami ɗaya ya ba ka ɗari bisa ɗari, wani ya ba ka arba'in a kan takarda guda, ai sai an je ofishin shugaban makaranta.

Me ya kawo wannan tazara? Da farko na ɗauka ɗayansu ne bai iya aikinsa ba. Da na ƙara karatu sai na ga ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Waɗanda suka yaba sun fi duba abin da waƙoƙin suke faɗa. Albam ɗin waiwaye ne zuwa ƙuruciyar mawaƙan a Dablin. Akwai waƙa mai suna Iris, sunan mahaifiyar Bono ke nan, wadda ta yanke jiki ta faɗi a wurin jana'izar mahaifinta a 1974, ta rasu bayan 'yan kwanaki. Bono yana ɗan shekara 14 a lokacin, shekara ɗaya kawai ya girme ni. Akwai Cedarwood Road, sunan layin da ya tashi. Akwai Raised by Wolves, wadda take magana a kan bama-baman da aka tayar a Dablin ranar 17 ga Mayu, 1974. Waƙar farko kuma godiya ce ga wani mawaƙin Amurka, Joey Ramone, wanda jin muryarsa ya ƙarfafa wa Bono gwiwa ya yi waƙa. David Fricke, wanda ya rubuta sharhin Rolling Stone, ya ga dattawan mawaƙa ne suka buɗe cikinsu suka faɗi abin da ya gina su, kuma a ganinsa sun yi nasara.

Waɗanda suka kushe sun fi duba kiɗan kansa. Sun ce an goge shi ya yi sumul har ya rasa kaifi, babu wani sabon abu da zai ba ka mamaki. U2 sun ɗauko masu tsara sauti da yawa, har da Danger Mouse, da Paul Epworth da Ryan Tedder waɗanda suka yi aiki da mawaƙiya Adele. Masu sukar suka ce wannan alama ce ta tsofaffin da suke tsoron a manta da su, shi ya sa suke bin abin da matasa ke yayi. Kuma da yawansu sun kasa raba waƙoƙin da yadda aka cusa wa mutane su. Za ka ga sharhin kiɗa, amma farkonsa duk maganar Apple ce. A nan ni ina ganin ba a yi wa waƙoƙin adalci sosai ba, domin waƙa ba ita ta saka kanta a wayar kowa ba. Sai dai Yaya ya ce ai su U2 ɗin ne suka zaɓi wannan hanya, don haka su suka jawo wa kansu. Na rasa amsar da zan ba shi.

Akwai kuma abin da ya shafi duk tsohuwar ƙungiya. Sabon mawaƙi ana auna shi da sa'o'insa, amma tsohon da ya yi suna, da kansa ake auna shi. Mun san wannan a aji. Yarinyar da kullum take ɗaukar na ɗaya, ranar da ta zo na uku faɗa za ta sha a gida, alhali wanda ya tashi daga na ashirin ya dawo na goma har kyauta ake saya masa. Duk albam ɗin da U2 suka fitar, The Joshua Tree ake ajiyewa a gefensa. Idan suka yi irin na da, a ce maimaici suke yi. Idan suka canza salo, a ce sun bar abin da aka san su da shi. Sun taɓa canzawa ta yi musu kyau, a albam ɗin Achtung Baby na 1991, wanda aka yaba ƙwarai. Da suka ƙara nisa da kiɗan na'ura a albam ɗin Pop na 1997 sai ra'ayi ya rabu, har a 2000 suka koma kusa da salonsu na asali.

Su ma mujallun kowacce da halinta. An kafa Rolling Stone tun 1967, tare ta tashi da kiɗan rok, kuma ta daɗe tana girmama manyan mawaƙansa. Pitchfork ta zamanin intanet ce, ta yi suna wajen tallata ƙananan mawaƙa da ba a sani ba, ba ta cika ɗaga wa manya ƙafa ba. Ku duba albam ɗin U2 na 2009, No Line on the Horizon. Rolling Stone ta ba shi taurari biyar, ta kuma ce shi ne na ɗaya a shekarar. Pitchfork ta ba shi 4.2. Ke nan tun kafin maganar Apple ta taso, kowacce ta riga ta san inda take tsaye. Wani abin kuma, Jann Wenner, wanda ya kafa Rolling Stone, abokin Bono ne. A littafin tarihin Wenner da ɗan jarida Joe Hagan ya fitar a 2017, an nuna cewa Wenner da kansa ne ya yanke a sa Songs of Innocence a matsayi na ɗaya. Wannan bai nuna Fricke ƙarya ya yi a sharhinsa ba, amma ni dai da na ji haka sai na ƙara duban wannan matsayi na ɗaya da kyau.

Sai maganar lokaci. Albam ɗin ba-zata ya fito, masu sharhi kuma kowa yana so nasa ya riga fita, don haka wasu a cikin kwana ɗaya ko biyu suka yanke hukunci a kan aikin da aka yi shekaru ana yi. Masu sharhi sun sha canza ra'ayi daga baya. A 1969 wannan Rolling Stone ɗin ta kushe albam na farko na ƙungiyar Led Zeppelin, bayan shekaru kuma ita ce ta saka shi a jerin albam 500 mafi kyau a tarihi.

A watan Oktoba na 2014 Bono ya ba da haƙuri a wani bidiyo da aka sa a Facebook, bayan wata mai tambaya ta ce abin da suka yi rashin ladabi ne. Ya ce zumuɗi ne ya kwashe su, da kuma tsoron kada waƙoƙin da suka sha wahala a kansu su wuce ba wanda ya ji. A littafin tarihin rayuwarsa mai suna Surrender, wanda ya fito a 2022, ya sake cewa laifin nasa ne shi kaɗai. Shi kuwa kamfanin Apple ya ce a wata na farko mutum miliyan 26 sun sauke albam ɗin gaba ɗaya, kuma miliyan 81 sun saurari wani abu daga cikinsa. An sa albam ɗin a takarar Grammy ta albam ɗin rok mafi kyau, amma wani mawaƙi mai suna Beck ne ya ci.

Ni ma na saurari waƙoƙin duka 11, wasu har sau uku. Ranar farko ƙara kawai nake ji, Turancin ma yana yi mini sauri. Da Yaya ya fassara mini Iris, ya gaya mini labarin da ke bayanta, sai na ji ta daban, har na tuna da wata 'yar ajinmu da ta rasa mahaifiyarta bara, Allah ya jiƙanta. Waƙoƙi uku ko huɗu sun zauna mini, sauran kuwa da ƙyar nake bambance su. Na ce zan ba albam ɗin 6 bisa 10. Yaya ya ce 8 ne, wai ban san komai a kan jita ba. Na ce masa shi ma ai don ya daɗe yana son su ne.

A 2017 U2 suka fitar da albam na gaba, Songs of Experience. Wannan karon sayar da shi suka yi kamar yadda aka saba, ba su saka wa kowa a waya ba, kuma a makon farko ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Rolling Stone ta ce shi ne na uku a cikin mafi kyau na shekarar. Pitchfork ta ba shi 5.3.