Zoɓo nake sayarwa, sobolo suke nema

Shekara ashirin da bakwai ke nan ina Kumasi ina sana'ar kayan ƙamshi da busassun kayan miya: zoɓo, aya, kimba, kanumfari, citta, garin kuka, daddawa, sai dabino idan azumi ya kawo jiki. Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa zama na yi tunanin sunan kayana ba. Ba'ashantiya za ta tsaya gaban shago ta ce "sobolo", kafin ta rufe baki hannuna ya kai kan buhun zoɓo. Ɗan Togo ya ce "bissap", buhun dai shi ne. Kunne ya saba. Sai da na kashe kuɗi a kan shafin intanet sannan na gane muhimmancin wannan abin da nake yi kullum ba tare da na lura ba.

Kasuwa ce ta yi sanyi, kuɗin haya kuma ya tashi. Manyan masu sayen kayana su ne mata masu dafa sobolo suna ɗurawa a robobi, kuma na yanzu yawancinsu matasa ne, waya a hannu. Ba sa son shiga cunkoson Kejetia, balle su zo har Aboabo. A waya suke nema, su biya ta MoMo, a sa musu kaya a mota. Ana cikin haka wani yaro ya zo ya ce zai buɗe mini shafi, wai zai ɗora ni a saman Google. Na ba shi kuɗin da ya kai na buhun zoɓo biyu. Uwargida ta ce, "Alhaji, yanzu buhu biyu za ka bayar a kan abin da ba a taɓa shi da hannu?" Na ce ta bari ta gani.

Shafi kam ya yi kyau. Ga sunan shago da manyan baƙaƙe, ga hotona cikin babbar riga, a ƙasa an rubuta da Turanci wai kayanmu sun fi na kowa a Afirka ta Yamma. Wata biyar, wallahi ko mutum ɗaya bai kira ya ce a can ya gan ni ba.

'Yata ta biyu ce ta gano matsalar da ta dawo hutu daga makaranta. Ta ce, "Baba, a ce kai ne wata mata a Takoradi, kana son zoɓo buhu guda. Me za ka rubuta a waya?" Na ce zoɓo mana. Ta ce, "Ita ta san zoɓo?" Muka bi shafin daga sama har ƙasa, kalmar sobolo ba ta fito ko sau ɗaya ba. Na ba yaron sunayen kaya da Hausa, shi kuma ya kwafe yadda na faɗa.

Ga yadda ta fahimtar da ni. Google yana da manhajoji masu zagaya shafuka suna karanta rubutun ciki suna ajiyewa a wani ƙaton kundi. Idan mutum ya rubuta abin da yake nema, cikin kundin ake dubawa a fito masa da shafukan da suka dace. Yana da wayon gane wasu kalmomi masu ma'ana ɗaya, amma ni ban ga alamar ya haɗa zoɓona da sobolon matar Takoradi ba. Waɗannan kalmomin da mai saye ke rubutawa su nake kira kalmomin nema.

Yaron fa ya ce ya sa mini su. Ashe a wani lungu na bayan shafi ya jibge su, inda mai karatu ba ya gani. To, tun shekarar 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da wannan lungun wajen jera shafuka. Kuma maimaita kalma ɗaya sau talatin a cikin rubutu, dokokinsa sun ɗauke shi a matsayin maguɗi, yana iya ma jawo wa shafi koma baya. Duk wanda ya zo maka da wannan dabarar, riƙe kuɗinka.

Sai muka ɗauko tsohon littafin bashi, muka juya bayansa, muka ja layuka. Kowane kaya da sunansa a bakinmu, da bakin Ashanti, da Turanci, da Faransanci. Aya ita ce atadwe, ita ce "tiger nut", ita ce "souchet". Kimba ita ce hwentia. Zoɓo kuwa ya fi kowa suna: sobolo a Gana, zobo a kudancin Najeriya, bissap a ƙasashen renon Faransa, foléré a Kamaru, karkade a Sudan. Wannan aikin ba na mai kwamfuta ba ne, na ɗan kasuwa ne. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa.

Daga nan muka shiga gwaji, kuma duk kyauta ne. Ka fara rubuta kalma a Google, kafin ka gama zai jero maka ƙarashen da mutane suka saba rubutawa. Muka kwafe su. Akwai kuma Google Trends, inda za ka zaɓi ƙasa ka gwada kalmomi biyu ko uku ka ga wadda aka fi nema. Ba ya ba ka adadin mutane, ma'auni ne daga 0 zuwa 100, amma ya isa ya nuna maka cewa a Gana sobolo ce a gaba, a Najeriya kuma zobo.

Inda na fi daɗewa kafin na gamsu shi ne wannan. Na ɗauka tunda sobolo aka fi nema, shi ke nan, mu kama ta. 'Yata ta ce in rubuta ta ita kaɗai in gani. Abin da ya fito duk yadda ake dafawa ne da amfaninsa ga jiki. Mai rubuta kalma ɗaya tilo galibi ɗan kallo ne, kamar mai wucewa ya ɗaga kaya ya ajiye. Amma wadda ta rubuta "sobolo leaves wholesale Kumasi", wannan da kuɗinta a ɗaure a bakin zane. Masu rubuta doguwar magana irin wannan ba su da yawa, sai dai su ne masu saye, kuma manyan shafuka ba sa kokawa da kai a kansu. Sunan kaya, sunan gari, sari ko ɗai-ɗai: da waɗannan ukun muka gina kusan komai.

Ban ce a watsar da Hausa ba. Mai neman kuka ko busasshiyar kuɓewa namu ne, da sunan gida zai nema. Sai dai a nan ma akwai abin dariya. Na rubuta "kuka", sai ga hotunan injina, wai wani kamfanin Jamus mai ƙera mutum-mutumin masana'antu sunansa KUKA. Dole muka koma "garin kuka" da "miyan kuka". Kuma mutanenmu ba sa sa ƙugiya a waya, "kubewa" suke rubutawa, don haka muka sa duka biyun.

Muka ba kowane kaya shafinsa, maimakon a tara su wuri ɗaya kamar kayan gwanjo. Kalmar ta shiga kan magana, ta shiga layin farko, ta shiga sunan hoton, sauran kuma bayani ne irin wanda zan yi wa mutum baki da baki: mudu ko buhu, daga ina aka kawo, yadda ake aikawa. Muka yi wa shagon rajista a Google Business Profile don ya fito a taswira. Hotona da babbar riga ya sauka, na zoɓo ya hau.

Sai da aka kusa wata uku kafin kira na farko ya shigo. Wata mata ce daga Obuasi, kuma ba zoɓo take nema ba, hwentia. Da muka duba Search Console, wanda ke nuna maka ainihin abin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana gabansu, sai muka ga kimba ta fi zoɓo kawo mana mutane, ina jin don masu tallarta ba su da yawa. Ban taɓa tsammani ba.

Kuskure ɗaya na yi da hannuna. Na ga ana neman nkuto, wato man kaɗanya, na ce a sa duk da ba na sayarwa. Wata baiwar Allah ta hawo mota har shago. Kunyar da na ji ranar ba ta misaltuwa. Na biya mata kuɗin mota, da daddare muka goge.

Yanzu shafin dabino muke gyarawa, don 'yata ta ce a gama shi wata biyu kafin azumi, Google ya samu lokacin karantawa. Uwargida kuma, mai cewa ba a taɓa shi da hannu, ta kawo yajin da take dakawa a sa mata. Kwana uku ke nan suna gardama ita da 'yarta, ko "yaji" za a rubuta a sama, ko "suya", ko "chichinga".