Abin da ke sa kyanwoyi faɗa da yadda za a shawo kansa

A gidaje da dama ana ajiye kyanwa domin ta kori ɓeraye, wasu kuma don sha'awa. Sai dai masu kiwon kan koka da yadda kyanwoyin ke raba dare suna gurnani da yakushin juna, wani lokaci har su ciji mai ba su abinci. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki bulala ko takalmi. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa duka ƙara dagula lamarin yake yi, domin faɗan kyanwa yana da dalili, kuma sai an gano dalilin ake samun mafita.

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ke farauta ita kaɗai tana tsaron yankinta. Wannan ɗabi'a tana nan har yau. Kyanwa kan shafa kumatunta a bango, ta karci itace, ko ta fesa fitsari don sanya alamar iyakarta, kuma duk baƙuwar da ta ƙetare wannan iyaka abokiyar gaba ce. Shi ya sa faɗa kan ɓarke idan aka kawo sabuwar kyanwa gida, ko aka haɗa su a kwanon abinci ɗaya.

Dalili na biyu shi ne barbara. Muzuran da ba a dandaƙe ba su suka fi yawo da dare da gwabzawa a kan mata. Na uku tsoro ne. Kyanwar da ba ta saba da hannun mutum ba tsakanin mako 2 zuwa 7 na haihuwarta takan tashi da ɗari-ɗari, idan aka ritsa ta kuwa sai ta kai hari. Akwai kuma huce haushi: kyanwa ta hango wata ta taga, ta kasa kai mata, sai ta afka wa wanda ke kusa. Na ƙarshe shi ne ciwo. Kyanwa mai sanyin hali da ta koma cizo kwatsam, musamman idan an taɓa wani sashe na jikinta, tana iya kasancewa da ciwon haƙori, ko na gaɓoɓi, ko wani rauni a ɓoye, don haka likitan dabbobi ya kamata ya fara duba ta.

Ya kamata a bambance wasa da faɗa. A wasa ba a cika jin kuka ba, ana karɓa-karɓa wajen kokawa, sannan a koma a kwanta tare. A faɗa kuwa kunnuwa kan kwanta baya, gashi ya miƙe, baya ya gantsare, ga huci da ƙara mai tsawo. Haka ma idan ana shafa kyanwa ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, gargaɗi take yi, sai a janye hannu.

Idan faɗa ya kaure, kada a sa hannu a tsakani. A tafa da ƙarfi, ko a gitta kwali ko faifai tsakaninsu, ko a yafa wa ɗaya bargo, sannan a rufe kowace a ɗaki dabam har ta huce, ko da zai ɗauki sa'o'i. Bayan haka a ba kowace kwanon abinci da na ruwa da wurin kwana nata, a wurare masu nisa da juna. Ga waɗanda ke ajiye su a ɗaki, ƙa'idar ita ce akwatin yashi na bahaya ɗaya ga kowace kyanwa, da ƙarin guda. A tanadi wuri mai tudu da maɓoya, domin kyanwar da ke da hanyar gudu ba ta cika tsayawa faɗa ba.

Sabuwar kyanwa a fara keɓe ta na wasu kwanaki. A riƙa goga tsumma a kumatun kowace ana ajiye wa ɗayar don su saba da ƙamshin juna, sannan su ga juna ta ƙofa a buɗe kaɗan a lokacin cin abinci, kafin a haɗa su. Dandaƙar muzuru da cire mahaifar mace a asibitin dabbobi, daga wajen wata 4 zuwa 6, na rage yawo da faɗa sosai.

Hatsarin faɗan ya wuce hayaniya. Haƙoran kyanwa sirara ne, suna cusa ƙwayoyin cuta can ciki, fata ta rufe, bayan kwana biyu ko uku wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ta hanyar cizo ne kuma ƙwayar FIV, mai raunana garkuwar jikin kyanwa, ta fi yaɗuwa, ko da yake ba ta kama mutum. A kiyaye, kada a ba kyanwar da ta ji rauni farasitamol, domin guba ne a gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Ga mutane, babban abin tsoro shi ne cutar haukan kare, wadda kyanwa ma kan ɗauka ta yaɗa, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a wanke wurin cizo ko yakushi da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti ba tare da jiran kumburi ba. Yara su suka fi shiga wannan hatsari, don haka a koya musu kada su ja wutsiyar kyanwa ko su taɓa mai jego, kuma su faɗa wa iyaye ko da ɗan karci ne. A kai kyanwa allurar rigakafin cutar tun tana wata 3, a kuma riƙa sabuntawa bisa shawarar likitan dabbobi.