Ko Ka Sani? Ba Kowace Babbar Jif Ce Ta Fi Ƙarama Faɗin But Ba

A Kano, a wuraren sayar da motoci da ke kan titin Zariya wajen Gyadi-Gyadi, da na titin Maiduguri ta gefen Tarauni, mai sayen jif yakan duba fenti, ya saurari inji, ya shafa kujeru. But kuwa sai ranar kai lefe, ko ranar sauko da buhuna daga kasuwar Dawanau, ake tunawa da shi. Kowa ya ɗauka babbar mota ita ce mai babban but, amma alƙaluman kamfanonin ba kullum suke gaskata hakan ba.

A wajen Mercedes, da can maganar haka take. GLK, ƙaramar jif ɗin da samari suka ɗauka da zafi, but ɗinta lita 450 ne, yayarta ML kuwa, ƙirar 2012 zuwa 2015, tana cin lita 690. A 2015 kamfanin ya maye gurbin GLK da GLC mai lita 550, ya kuma sauya wa ML suna zuwa GLE. Daga nan tazarar ta dinga raguwa: GLC ta 2022 ta kai lita 620, GLE kuma tana kan 630. A BMW ma, X3 ta 2018 lita 550 ce, X5 ta 2019 kuma 650.

Lexus ce ta juya lissafin gaba ɗaya. RX, wadda ta fito tun 1998, ta fi ƙanwarta NX ta 2014 tsawo da faɗi. Duk da haka, a takardun Ingila an ba NX 300h lita 475, RX 450h ƙirar 2016 kuma 453. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani ɓangare na ƙarin tsawon RX ya tafi wajen miƙe ƙafar masu zama a kujerar baya. Safaya da ke kwance ƙarƙashin daɓen but ita ma tana cin nata rabon.

Sai kuma rikicin awo. Turawan Jamus suna jera ƙananan tubala masu lita ɗaya-ɗaya har zuwa marfin da ake ja a rufe kaya, su ƙirga. Amurkawa kuwa sukan auna har rufi, da ma'aunin ƙafa, wanda kowane guda ya ɗara lita 28 kaɗan. Shi ya sa RX 350 ta 2010 zuwa 2015, wadda ta cika titunan Kano, take da ƙafa 40 a takardar Amurka, wato sama da lita 1,100, alhali a Turai ba a ba ta ko 500 ba. Mota ɗaya ce. Tunda tokumbo daga ɓangarorin biyu take shigowa, dillali da mai saye suna iya musu kowa da gaskiyarsa.

Kuma lita ba ta san siffar kaya ba. Buhun shinkafa yana lanƙwasa ya shige lungu, amma akwatin lefe, jarka da kular abinci ba sa rusunawa. Su abin da ya dame su shi ne faɗin da ke tsakanin tudun tayoyin baya, da tsayin bakin ƙofa. Wannan ne ya sa tsohuwar GLK mai kusurwa huɗu takan haɗiye akwati a tsaye, wanda jif mai zubabben baya sai an kwantar da kujera kafin ƙofarta ta rufu.