Wa Ke Shiga, Wa Ke Magana: Dokokin Asusun Mata Masu Dubara

Jama'ar Filinge da ƙasar Kurfai baki ɗaya, daga Shikal har Tukunus,  shirinmu na musamman yau a kan tabarmar asusun mata zai zauna.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, ta ɗora shi a kan adashin da iyayenmu suka sani. Daga nan ya bazu a Nijar har jaharmu ta Tillaberi, ya kuma tsallaka ƙasashen Afirka da dama. An fi ba da labarin kuɗin da ake tarawa. Mu dokokin za mu duba, don su ne ke riƙe da kuɗin.

Shiga ba ta hannun maigari take ba, ba ta hannun ma'aikacin da ya kawo horo ba. Matan ne ke zaɓen junansu, galibi ba su wuce 30 ba, domin kowace ta san halin 'yar'uwarta: tana biyan bashi? Tana da riƙon sirri? Wadda ta shiga ta ɗauki alkawarin zubi kowane mako har ranar rabo.

Sai zaman kansa, inda abin ya fi burge ni. Shugaba ce ke buɗe taro, ita ke ba da izinin magana. Mai neman rance a gaban kowa za ta faɗi nawa take so da sana'ar da za ta juya shi, ko ƙuli-ƙuli ne, ko kiwon tunkiya, ko hatsin da za ta kai kasuwar Lahadi. Babu raɗa, babu bin ma'ajiya gida da dare. Akwatin kuɗin ma kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku, a bainar jama'a ake buɗe shi, a ƙirga kuɗin da babbar murya. Da yake yawancin matan farko ba su yi boko ba, a ka suke riƙe lissafi, wannan tana shaidar zubin waccan. Makara tana da tara, fashi ba uzuri yana da tara, kuma su da bakinsu suka yanka ta tun ranar kafa asusun.

Abu ɗaya ke damuna, iyayena mata. In zubin mako ya yi nauyi, wadda ta fi kowa bukata ita ke tsayawa a waje, musamman matar da mijinta ya tafi cin rani, aike bai iso ba. Ku da kuka kafa dokar kuna da ikon sassauta ta. In kun zauna sabon zagaye bayan rabo, ku yanka zubin da gwauruwar unguwarku za ta iya.

Bayan ɗan kiɗa, layinmu a buɗe yake ga shugabannin asusu. Ku faɗa mana yadda kuke karɓar sabuwar shiga.